Jegon da Ba a Ga Hayaƙinsa Ba

A Unguwar Datti, wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce Zuliha sai a tambaye ka wacce. In kuwa ka ce Mai Daddawa, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin fushi, kuma Allah bai hore mata bayani ba. Ka same ta tana wani aiki ka ce, "Me ake yi?" sai ta ce, "Idonka ciwo yake?" Mijinta Malam Hambali ya yi fama da wannan hali tun suna da sauran ƙuruciya, har ya gaji ya sallama. Mutumin kirki ne, sai dai maganar mutane tana shigarsa ƙwarai.

Sana'ar daddawa a wurin uwarta ta gada, tare da bishiyar ɗorawa guda. A can, gona daban, bishiyar da ke cikinta daban, don haka ko da 'yan'uwanta maza suka raba gonar, ɗorawar ta Zuliha ce, ba mai ja. Lokacin da take yarinya ba abin alfahari ba ne, don ɗorawa da kaɗanya da gawo da tsamiya sun cika gonaki, mace ba ta sayen itace, tsinta take yi a hanyar dawowa gida. Sai ruwan madatsar Tiga ya zo. Katafiloli suka shigo suna tumɓuke bishiyoyi da saiwarsu, ana daidaita ƙasa, ana yanka hanyoyin ruwa. Ba zan ce aikin sharri ne ba, kar Allah ya kama ni. Alkama ta zo, tumatir ya zo, shinkafa ta yi yawa, mutanen da ba su taɓa mafarkin rufin kwano ba suka rufa, samari suka hau kekuna da rediyo a rataye. Amma inuwa ta tafi, itace ya bi ta. Ɗorawar Zuliha ta tsira ne kawai don tana kan wani ɗan tudu a bakin babbar hanyar ruwa, inda ruwa ba ya hawa, ba wanda ya ga amfanin wahalar da katafila a kanta.

Daga bishiyar nan take samun kalwar daddawarta, da garin da yara ke sha, da makubar da take shafe katanga. Duk wani kwano da ta jera wa 'yarta, daga jikin bishiyar ya fito. Ba ta taɓa faɗa ba, amma in ta zauna a gindinta uwarta take tunawa.

Shekara guda bayan canjin kuɗi, 'yarta ta fari, Kubra, ta dawo gida goyon ciki. A lokacin itace ya zama abin da ya zama. Daga nesa motoci ke kawo shi, a tsaga shi siri-siri kamar asuwaki, a sa masa kuɗin da sai ka sake tambaya ko kunnenka ne. Karan dawa ma ya yi ƙaranci, tunda kowa ya koma shinkafa da alkama, su kuwa haukinsu fuu ɗaya yake yi ya zama toka.

To, kowa ya san jego: kwana arba'in, safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganye. Kowa kuma ya san miji ke kawo itacen. Mutanen Unguwar Datti sai suka ƙara nasu ma'aunin. Tulin itacen da ke ƙofar gida, shi ke nuna darajar miji. Hayaƙin da ke tashi ta saman katanga da sassafe, shi ke nuna ko uwa tana kula da 'yarta. Mata na hanyar rijiya suna ɗaga kai suna dubawa, ba sa ko ɓoyewa.

Lukmanu, mijin Kubra, yaro ne mai ƙoƙari, ƙwadagon dashen shinkafa da tsinkar tumatir yake yi. Ya yi iyakar yinsa, ya kawo itace, amma kowa ya kalli tulin ya san ba zai kai rabin jego ba. Mahaifiyarsa, Gwaggo Baraka, mace ce mai ƙiba da murya, wadda ba ta son a raina gidanta. Ita ta fara kawo maganar, ta aiko wa Malam Hambali, shi kuma ya same Zuliha tana tankaɗe a tsakar gida.

"Gwaggo Baraka ta aiko," in ji shi. "Ta ce itacen yaron nan ba zai kai ba. Ta ce a sare ɗorawar tun yanzu ta bushe."

"Ɗorawar wa?"

"Taki. Jikan wa za a haifa?"

Zuliha ta ajiye rariya. Ranta ya ɓaci ƙwarai. In ta ce a'a, gobe duk gari zai ce ta fifita bishiya a kan 'yar cikinta. Ga shi Kubra 'yar fari ce, ko sunanta Zuliha ba ta kira, sai dai "yarinyar nan", balle ta tsaya tana rantsuwar tana sonta.

"A bari sai ranar suna," ta ce. "In ranar suna itacen ya yi rabi, ni zan nuna wa mai gatari hanya. Zafi ya shigo, in an tsaga ba ya daɗewa bai bushe ba."

Malam ya yarda, don shi ma ba son saran yake ba. Ita kuwa ta faɗa ne kawai don ta sami lokaci, ba ta da wata dabara a ranta ko ɗaya.

Dabarar a Kura ta same ta, ranar kasuwa. Akwai wata Monika, mutuniyar Filato, mai sayar wa leburorin injin shinkafa abinci, wadda ke sayen daddawa a hannunta tun da daɗewa. Rumfarta tana bayan injinan, kusa da tsibin ɓuntun shinkafa da masu inji ke cinna wa wuta don su rabu da shi, ya yi ta ci kwana da kwanaki ba mai dafa ko ƙwai a kai. Zuliha ta zauna tana jiran a ba ta kwanonta, sai ta lura tukunyar wake tana ta ɓararraka a kan wani rabin duro, ba itace ko tsinke a ƙarƙashinta. Ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu. Tambaya kuwa ba za ta yi ba, ko za a yanka ta.

Monika ta yi dariya. "Mai Daddawa, wuyanki zai karye. Zo ki gani."

Ta nuna mata. A huda duron daga gefe ta ƙasa. A tsayar da taɓarya a tsakiya, a zura muciya ta hudar har ta taɓa taɓaryar. A zuba ɓuntu, a danna, a ƙara, a danna, har ya cika. Sai a zare taɓarya da muciya a hankali, rami ya fito daga ƙasa har sama. A sa ɗan kara mai wuta ta ƙasa, wutar ta bi ramin ta hau, ta yi ta cin ɓuntun daga ciki.

"A garinmu da garin katako muke yi," in ji Monika. "Da na zo nan na ga wannan ana ƙona shi a banza, na ce bari in gwada. Ni dai tun bara ban sayi itace ba, sai na kunnawa."

Zuliha ta dawo gida da tsohon rabin duro a ka. Ta sa mai jaki ya sauke mata buhunan ɓuntu ta ƙofar baya, Malam ya ɗauka shimfiɗar kaji ce. Ta kafa duron a lungun bayan ɗakinta, kusa da makewayi, inda namiji ba ya zuwa. Gwajin farko, tana zare taɓarya ramin ya rufta, toka da hayaƙi suka tashi suka wanke mata fuska, ta fito tana tari kamar wadda ta shaƙi barkono. Na biyu ta jiƙa ɓuntun ya yi sharkaf, wuta ta ce ba da ita ba. Sai da ta sake komawa Kura, ta haɗiye girman kai ta yi tambaya, Monika ta ce yayyafi kawai ake yi masa, kuma da ƙafa ake dannawa, ba da hannu ba. Ran nan wuta ta kama, ja wur a cikin ramin, ba harshe, ba hayaƙin kirki.

Daga nan kuma nata kan ya fara aiki. Ta lura zafi na gudu ta jikin duron, ta kwaɓa laka ta shafe shi. Ta lura tukunyar wanka a buɗe kowa ke barinta, tururi na tafiya sama a banza, ta nemo marfi ta ɗora dutse a kai. Ruwan yamma kuwa, tun hantsi take zuba shi a garwa biyu da suka yi baƙi da tsufa, ta ajiye a rana, kafin la'asar ya yi zafin da ɗan kaɗan ya rage ya tafasa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san bakin garin. Cewa za a yi ruwan da ba itace ya dafa shi ba ba ya shiga jiki, a hana ta tun ba ta fara ba.

Kubra ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, daidai lokacin da ɗorawar ta cika da jan furen nan da yara ke tsotsa. Ungozoma ta yanke cibi, ta yi wankan farko, washegari aka yi mata rasuwa a Madobi ta tafi. Zuliha ta ɗauki ganyen da kanta. Kullum bayan sallar asuba ta kunna, kafin rana ta fito ruwa ya tafasa. Ta tsoma ganyen runhu, ta fyaɗa, ta gasa yarinyar nan ciki da bai, ta ba ta kunun kanwa. Da yamma ta sake. Daga tulin Lukmanu, 'yan tsinkayen kunnawa kawai take zara. Murna take yi a ranta, tana cewa ranar suna za ta ga idon Gwaggo Baraka.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne idon garin. Mata suka ɗaga kai a hanyar rijiya, ba hayaƙi. 'Yan barka suka shigo da hantsi, suka ga duwatsun murhu a sanyaye, ko toka babu, suka fita suka ga itace yana nan yadda aka sauke shi. Mai jegon kuwa, haihuwar fari, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, ba mai jin ta bakinta. Me kake tsammani? Kafin kwana huɗu magana ta gama gari: Mai Daddawa ba ta yi wa 'yarta wanka, tana tattalin itace don kar a taɓa mata bishiya. Wasu har da cewa ai ruwa ba ya tsami banza, dama can matar ba ta da fara'a.

Maganar ta kai wa Malam Hambali a ƙofar masallaci, a kaikaice, irin yadda maza ke yi. Ya shigo gida jikinsa a sanyaye, ya tsaya nesa da ɗakin mai jego.

"Zuliha, wai ana wankan nan kuwa?"

Da wata ce, da ta kama hannunsa ta kai shi lungu ya gani, magana ta ƙare. Amma Zuliha ce. Tambayar ta soke ta har zuciya, wai ita ake tambaya ko tana wanke abin da ta haifa.

"A'a," ta ce. "Rawa muke yi."

Ta shige ɗaki. Shi kuma ya fita da abin da ya ji.

Ana gobe suna, rana ta fara fitowa, ruwa ya tafasa, Kubra ta riga ta shiga makewayi ta zauna a kan turmi tana jira. Sai ga sallamar Gwaggo Baraka, ba ko gaisuwar kirki.

"Mai Daddawa, na ji abin da ake yi wa matar ɗana, na kuma ga itace da idona. Ba faɗa na zo yi ba. Maikuɗi mai gatari ya wuce bakin ruwa, Malam ne ya raka shi. Tunda bishiyar ce ta hana, in ta faɗi kowa ya huta."

Zuliha ta juya da sauri. Ta dubi ƙofar gida. In ta zuba da gudu yanzu za ta cim musu, tudun ba nisa. Ta dubi lungu, inda tururi ke fita ta gefen marfi, da yarinyar nan a zaune ba riga, iskar safe na dukanta.

"Ruwa zai huce," ta ce.

Ta kama hannun Gwaggo Baraka, ta ja ta har lungun, duk ƙibarta. Ta ture dutsen, ta ɗaga marfin. Tururi ya bugi fuskar Gwaggo har ta ja da baya. Zuliha ta juye ruwan a baho, ta danƙa mata ganyen.

"Ki yi da kanki."

Gwaggo Baraka ta dubi duron da aka shafe da laka, ta leƙa ta ga ramin wuta ja wur. Ta tsoma ganyen, ta ɗago, ruwan ya gangaro mata a tsintsiyar hannu, ta yarfe da sauri. Ta dubi jikin Kubra. Ta yi wa mata jego ba adadi, ta san fatar da ta sha ruwan zafi in ta gan ta.

Kubra, wadda ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ta yi magana kanta a ƙasa. "Gwaggo, tun ranar da na sauka Inna ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ni ce ma nake roƙonta ta sassauta."

A daidai nan suka ji shi, daga can bakin ruwa. Kau. Shiru. Kau.

Gwaggo Baraka ta saki ganyen a cikin baho. Ta tattare zani ta fita, matar da ba a taɓa ganin gudunta ba tun tana budurwa.

Zuliha ba ta bi ta ba. Ta tsamo ganyen, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Kafaɗa, baya, ƙugu, ciki. Gatarin na sauka, tana jin kowane sara a ƙirjinta, hawaye na zuba, hannunta bai tsaya ba.

"Inna, ki je," in ji Kubra. "Zan jira."

"Juya bayanki."

Ba ta yi sauri ba, ba ta rage ko tsoma ɗaya ba. Tana cikin gasa ƙafafu ta lura ba ta ƙara jin saran ba. Ko an tsaya ne, ko kuwa an gama, ba ta sani ba, ba ta dai ji faɗuwa ba. Ta ƙarasa, ta naɗe yarinyar da zani, ta kai ta ɗaki, ta miƙa mata kunu, ta duba jaririya. Sannan ta yafa mayafi ta bi gefen hanyar ruwa.

Tun daga nesa ta hango jan furen a sama. Bishiyar na tsaye. A gindinta Gwaggo Baraka ce zaune a ƙasa tana haki, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Maikuɗi ya jingina da gatarinsa. Malam Hambali yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura. A jikin ɗorawar, ta gabas, ga sara nan fari, ya shiga sosai, ɓawo da ɓarɓashi sun zube.

"Bai kai zuciya ba, Iya," in ji Maikuɗi. "Da an ƙara jimawa dai, da sai haƙuri."

Zuliha ta sa tafin hannu a kan saran, ta daɗe. Sai ta gangara bakin ruwa, ta kwaso laka hannu biyu, ta hau cusawa a ciki tana shafewa.

"Mai Daddawa," in ji Gwaggo Baraka, muryarta ta yi ƙasa, "na ɗauki alhakinki. Ki yafe ni."

"Da kin faɗa mini," in ji Malam.

Zuliha ba ta juyo ba. Ta san shi ma yana da gaskiyarsa, amma ba ranar da za ta ba shi ita ba ce.

"Ku ƙaro laka," ta ce.

Gwaggo ta yunƙura ta tashi. Malam ya naɗe hannun riga, ya riga ta gangarawa.

Ranar suna lungun bayan ɗaki ya fi ɗakin mai jego cika. Gwaggo Baraka ce ke bayani, da muryar nan tata, kai ka ce ita ta ƙirƙiro abin, Zuliha kuwa in an tambaye ta sai ta ce a je Kura a tambayi Monika. Kubra ta yi arba'in ɗinta cif, ta koma ɗakinta da ƙiba da haske, Lukmanu ya kwashi fiye da rabin itacensa ya mayar gida. Ba kowa ya karɓa ba, akwai tsofaffin da har suka mutu suna cewa ruwan ɓuntu ba ya shiga ƙashi. Amma masu turara shinkafa sun karɓa, masu ƙosai sun karɓa, kuma cikin 'yan shekaru, samun tsohon duro a Unguwar Datti ya zama sai da hanya. Tuwo bai ragu a kwano ba, ruwan jego bai rage zafi ba, motar itace ce dai ta rage tsayawa a garin. Mata kuma suka daina ɗaga kai a hanyar rijiya. Mai son sanin ko ana wanka, sai ta yi sallama ta shiga.

Zuliha ta ci gaba da daddawarta, a kan ɓuntu take dafa kalwa yanzu, halinta kuma bai canja ba ko kaɗan. Kowace damina in ruwa ya wanke lakar, sai ta je ta sake shafawa. Rassan da ke ɓangaren saran sun zubar da furensu a shekarar, ba su ba da ko tsinke ba, haka ma shekarar da ta biyo. Mutane suka ce wannan gefen ya mutu, a sare shi a huta, ta ce a bar mata abinta. A shekara ta uku gefen ya yi 'ya'ya.